Ƙwayar Gilashi Mai Sunan Adda

Austriya, farkon Yuli.

Zuwa ga Goggo 'Yar'azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya ƙafar taki? Allah ya sa man zafin da na aiko ya isa gwiwarki, ba ki rabar wa maƙwabta ba kamar na bara. Ya damina a Haɗeja? Ki gaishe mini da Baffa Bakari da mutanen Gagulmari baki ɗaya. Ki gaishe da Adda. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar bandar kifin Guri da ta hana ni jin daɗin miya.

Ga shi na bi dokarki, na rubuta da biro na ɗauki hoton takardar na turo ta waya, tun da kin ce maganar baka iska ce.

Kin yi ƙorafi cewa duk wanda ya tambaye ki aikina sai ki ce "karatu", kuma kin gaji da wannan amsa. To bari in gwada. Muna da wata tukunyar ƙarfe da muke zuƙe iskar cikinta kaf. A ciki muke riƙe da ƙwayar gilashi guda ɗaya, ƙarama ƙwarai, sai an jera ɗaruruwan irinta kafin su kai kaurin silin gashi. Ba ta kan komai, ba a rataye ta da komai ba. Wani siririn haske mai ƙarfi da ake kira leza ne yake riƙe da ita a tsakiya. In hasken ya ɗauke ko na ƙiftawar ido, ta tafi ke nan, ba mai sake ganinta.

Nawa aikin shi ne cajin lantarkin da ke jikinta. Kin tuna yadda muke goga matajin roba a kai mu ɗauki gutsattsarin takarda da shi? Irin wannan cajin ne. In ya yi mata yawa, duk wani ƙarfe da ke kusa sai ya riƙa janta, ta yi ta rawa. Sai in haska mata wata fitila ta musamman, cajin ya riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, ina gani a kwamfuta yana sauka kamar matakala. Da farko nakan bar mata kaɗan, don da shi muke kama ta mu kwantar da motsinta. In ta natsu sai in cire ragowar. Abin da muke nema shi ne ta yi tsit sosai har mu ga ko za ta bi dokokin ƙananan halittu da ake kira kwantum, waɗanda suka ce abu ɗaya yana iya zama wuri biyu a lokaci guda. Na san za ki ce aikin aljanu ne, ki faɗa, ba ke ce ta farko ba.

A nan akwai al'ada, wanda ya kama ƙwaya shi ke raɗa mata suna. Yawancinsu ba sa kwana uku suke faɗuwa. Tawa kuwa tun watan azumi take sama, ba a taɓa samun mai daɗewarta a ɗakinmu ba. Da ita zan yi awon ƙarshe na digirina, in Allah ya yarda in taho gida a Disamba.

Ga ainihin maganar. Sashen Hausa na wani gidan rediyo ya yi hira da ni, za su sa ranar Juma'a ta sama bayan La'asar. Don Allah ki sa Adda ta saurara. Kin san halin uwa da 'yar fari a gidanmu, in na kira ta a waya "lafiya lau" biyu ne sai ta miƙa wa na kusa. Ba zan iya gaya mata da kaina ba. Akwai tsarabar da na ɓoye mata a cikin hirar.

'Yarki,
Adila.

*

Haɗeja, tsakiyar Yuli.

Zuwa ga Adila,

Wa'alaikis salam. Na samu takardarki, na karanta har sau biyu, na biyun da tabarau. Muna lafiya. Ƙafa da sauƙi, man kuwa rabi na shafa rabi na bayar, ke ma kin san ba zan fasa ba. Ruwa yana sauka sosai, kogi ya fara ɗagowa, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa kamar kullum, maza suna ta maganar gyaran jinga da baki. Baffanki yana amsawa. Uwarki da na ce kina gaishe ta sai ta ce akuyarta ta haihu.

Wato duk wannan tafiya da kika yi, kika bar mu da zafi kika tafi cikin ƙanƙara, ƙura guda kike tsaro? Da kin faɗa ai da na share miki ƙarƙashin gadona na aika miki a buhu. Shekara da shekaru ina koyar da matan aure karatun boko, ban taɓa cin karo da darasin da ya juya mini kai irin naki ba. Amma na gane na matajin. Kuma na gane cewa abin da ya gagari Turawan ɗakinku bai gagari jikar Ari mai shanu ba, wannan ya ishe ni.

Maganar rediyo kuwa, kin kawo kuka gidan mutuwa. Kina tsammanin zan bar Maijidda, Addar taki, ta saurara ita kaɗai a ƙuryar ɗaki? Na gaya wa matan Islamiyyarmu, na gaya wa dangin ubanki na Kaugama, na gaya wa Ummussalma maƙwabciyarku, wadda gaya mata daidai yake da yin shela a kasuwa. Na aro babbar sifika a wurin masu kiɗan biki don maza su ji daga zaure. Za a yi zoɓo. Uwarki ta ce ba ta son taro, na ce mata ni ma ba shawara na zo ba.

Allah ya yi miki albarka, ya riƙe miki ƙurarki.

Goggonki,
'Yar'azumi.

*

Austriya, farkon Agusta.

Goggo,

Bayan gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ya ruwa? Ya Adda?

An sa hirar, na ji ta a nan, har abokan aikina suka tsaya suna saurare ko da yake ba sa jin ko "sannu". Tun ranar nake duba waya. Na zaci kafin Magariba zan ga takardarki cike da tsiya. Mako biyu ke nan shiru.

Na ce ko wuta aka ɗauke muku a lokacin, ko sifikar ce ta ƙi. In haka ne ki faɗa, ina da hirar zan turo. Ko kuwa Adda ce ta yi kuka kike jin nauyin gaya mini? Ki gaya mini ko da layi biyu ne. Ta ji sunan?

Adila.

*

Haɗeja, tsakiyar Agusta.

Adila,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, ba wanda ya kwanta. Wuta ba ta ɗauke ba, sifika ma ba ta ƙi ba, ina ma ta ƙi. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga, kunya ce ta riƙe mini hannu.

Tsakar gidanku ya cika ranar. Mata har bakin rijiya, maza a zaure tare da Baffanki Bakari, yayan ubanki, mutumin da uwarki ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba tun da aka kawo ta gidan. Da muka ji muryarki aka yi guɗa. Kin yi bayani tiryan-tiryan, ina ta kallon mutane ina hura hanci. Sai mai hirar ya tambaye ki ko abin yana da suna. Kika ce, "Sunanta Maijidda, sunan mahaifiyata ke nan."

Adila, gatsal kika faɗa, babu ko sakayawa. Da a nan kika tsaya da da sauƙi. Kika ce Maijidda takan yi rawa in caji ya yi mata yawa. Kika ce ke da abokan aikinki maza kuna karɓa-karɓa wajen gadin Maijidda. Kika ce kukan haska wa Maijidda fitila ku tuɓe mata caji ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma mai hirar, ɗan banza, yana dariya ya ce, "To yaya Maijidda ta tashi yau?" Kika ce ta tashi a natse.

Kowa ya gane ƙwayar gilashi kike nufi, ba wanda ya ruɗe. Amma sunan uwarki ne yake fita daga bakin 'yar farinta, ta sifikar biki, yana shiga kunnen surukanta. Na ji zaure ya yi tsit, sai tarin Baffanki. Uwarki ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta ratsa mutane ta shiga garken awaki, ba ta fito ba sai da kowa ya watse. Zoɓon nan haka muka zubar da shi.

Tun daga ranar ba ta je Islamiyya ba. An yi suna a Kaugama, ta aika da turmin atamfa ta ƙi zuwa. Ummussalma kan leƙo ta katanga ta ce, "Maijidda, ya rawa? An rage cajin kuwa?" Har masu sayar da kifi sun ɗauka. Matar da ta yi zamanta a unguwar nan ba a ko jin tarinta, yau ita ce abin taɗi a bakin famfo.

Kin tambaya ko ta yi kuka. Ban gani ba. Ba ta ce komai ba, ko da ni, kuma ni ma ban iya zama kusa da ita ba, don ni na tara mata jama'ar. Ina tafiya a layi kaina a ƙasa kamar wadda ta yi sata.

Wace irin mantuwa ce wannan, 'yar nan? Ƙanƙarar ce ta daskarar miki da tarbiyya? Ni dai da ni ce, da na raba sunan uwata da wannan abu ko ta halin ƙaƙa. Kogi yana ta cika, an fara ɗura yashi a buhuna. Ki yi mana addu'a.

'Yar'azumi.

*

Austriya, ƙarshen Agusta.

Goggo,

Bayan gaisuwa. Allah ya tsare ku daga ruwan nan. Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na kwana biyu ban iya duban kwamfutar ba, don sunan yana rubuce a samanta.

Ba zan kare kaina ba, amma bari in gaya miki abin da ke raina. A nan in mutum ya sa wa aikinsa sunan wani, ya gama girmama shi. Na daɗe a cikinsu har na fara auna abu da mudunsu. Kuma akwai abin da ya fi wannan. Tun da na yi wayo Adda ba ta taɓa kiran sunana ba, "waccan" ce ni, ko "yarinyar nan". Ni ma ban taɓa kiran nata ba. Na san kunya ce ba ƙiyayya ba, na sani sarai, amma sani bai hana ni jin ciwo ba. Ranar da na cire wa ƙwayar nan cajinta na ƙarshe na ga ta tsaya cak, babu abin da ke janta, sai na tuna Adda zaune tana tsintar shinkafa ana hayaniya a kanta. Na so in faɗi sunanta sau ɗaya a inda duniya za ta ji. Na faɗa, kuma ga abin da na jawo mata.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na goge sunan daga allon ɗakinmu na rubuta lamba a wurin. Washegari wani abokin aikina, ɗan Italiya, ya shigo yana tambayata yaya Maijidda ta kwana, da karkataccen harshensa. Na roƙe su su daina, suka ce to, kafin azahar sun manta. Ba mugunta ba ce, watanni suka yi suna kiranta haka, kuma duk awon da muka yi da sunan aka adana shi. A ɗakin nan suna ba ya mutuwa sai ranar da ƙwaya ta faɗi. Kullum ina ji maza suna kiran sunan uwata a kaina, yanzu kuma da kunnen Haɗeja nake ji.

Saura kaɗan mu yi awon ƙarshe. Goggo, ki taimake ni ki je wurinta. Ki ce na tuba. Ki gaya mini abin da ta ce, ko kalma ɗaya ce, ko zagi ne.

Adila.

*

Austriya, ƙarshen Satumba.

Goggo,

Bayan gaisuwa, ya kuka ji da wannan jarrabawa? Na ga hotunan ruwa a waya, na ga layinmu ana shiga da kwalekwale. Na kira Baffa Bakari yana bakin jinga, ya ce ba a rasa rai ba, an kwashe mata zuwa Kafin Hausa. Ya ce Allah ya yi albarka, ya kashe wayar. Ban iya tambayarsa komai bayan wannan ba, ta ina zan fara?

Wata guda ke nan ba ki amsa mini ba. Na san ruwa ya raba ku da gida, amma na san ki, ko a kan rufin ɗaki kike za ki sami biro in kina da abin faɗa mai daɗi. Na ɗauka kin je wurinta, abin da ta ce ne ba ya rubutuwa. Na koma takardarki ta baya na yi ta karanta layin nan, inda kika ce da ke ce da kin raba sunan da abin ko ta halin ƙaƙa. Na ce Goggo ba ta magana da ka, ƙila abin da ta karanta ke nan a fuskar Adda.

Ranar Talata da safe na riga kowa shiga ɗakin aikinmu. Na ɗauki ɗan kati baƙi na sa a gaban hasken, na cire. Shi ke nan. Layin da ke motsi a kwamfuta ya miƙe. Tana can manne a jikin tukunyar, ba mai iya gano ta har abada.

Ban yi ƙarya ba. Da shugabarmu ta zo, wata dattijuwa ce mai haƙuri, na ce mata ba tsautsayi ba ne, hannuna ne. Na yi ƙoƙarin bayyana mata dalili, ina magana ina jin yadda abin yake fita ba fasali a harshensu. Sai ta ce aikin ba nawa ba ne ni kaɗai. Gaskiya ta faɗa, mutum uku ne suka jingina nasu aikin da wannan ƙwaya, kuma ban shawarce su ba. Ɗan Italiyan nan bai yi mini faɗa ba, ya dai daina shan shayi tare da ni. Ashe ana iya jin kunya biyu a lokaci guda, ta gida da ta waje.

Yanzu sai an buɗe tukunya, a fesa sababbin ƙwayoyi, a kama wata, a sake zuƙe iska, a fara cire caji daga farko, in ma an dace da mai zama. Maganar Disamba ta tashi, sai baɗi in da rai.

Ki gaya wa Adda babu sauran mai kiran sunanta a nan.

Adila.

*

Kafin Hausa, tsakiyar Satumba.

Adila,

Bayan gaisuwa, muna raye, alhamdu lillahi. Ina rubuta wannan ban san ranar da za ta isa gare ki ba, don wayata ta faɗa ruwa ranar da muka fito, tana wurin mai gyara ya zuba ta a shinkafa kamar za a dafa. In kin rubuto ban gani ba. Muna gidan Yelwa, ƙanwar uwarki, mu goma sha wani abu a ɗaki biyu. Katangar gidanku ta gabas ta zauna, rumbu ya tafi. Awaki sun tsira.

Ina da labari, kuma ban iya jira ba. Shekaranjiya muna shanya 'yar shinkafar da aka tsamo, ni da uwarki kawai. Tun ranar rediyo ba mu yi zancen ba. Tana baza shinkafa da hannu, ba ta dube ni ba, sai ta ce, "Yaya 'Yar'azumi, wai takwarar tawa tana nan a saman?"

Na ce, "Wace takwara?"

Ta ce, "Ta wurin waccan."

Na ce rabona da labari tun kafin ruwa, amma a lokacin tana nan. Na fara ba ta haƙuri, ina cewa yarinta ce da zaman Turai. Ta katse ni. Ta ce, "Na yi fushi, na kuma gama. Na zauna na duba, waccan ba ta da ɗa ba ta da jika tukuna. Abin da Allah ya ba ta a hannu shi ta sa wa sunana, to me ake yi wa uwa da ya wuce haka? Laifinta ɗaya. Wa ya taɓa kiran mai sunan uwa gatsal? Ta ce Ummi mana, kamar 'yar kowa."

Adila, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gidan wa ba a yin haka? Ni kaina jikata mai sunan uwata Hajiyayye muke ce mata. Na zauna na cika miki takarda da faɗa, wannan ɗan abu bai zo mini ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ummussalma ma nan aka kawo su, jiya ta sake jefa mata maganar rawa a gaban mata. Uwarki ta ce, "Tana lafiya, ta gode. Ke wa aka sa wa naki?" Ban taɓa jin ta rama magana ba sai jiya. Kuma ta ce daga yanzu kowace Juma'a za ta soya waina ta yi wa takwararta sadaka, tun da ba a iya aika mata riga. Na ce ana fama da abin da za a ci? Ta ce, "Katangata ta faɗi, rumbuna ya faɗi. Ita kaɗai ce tawa da ba ta faɗi ba. Ki ce wa waccan ta riƙe ta da kyau."

To kin ji. Ki ce wa Turawanki Ummi sunanta, ai ya ma fi musu sauƙi a baki.

Ƙari, farkon Oktoba. Yau aka kawo mini wayar. Ina kunnawa takardunki biyu suka shigo tare, na karanta su kafin in tura wannan. Na so in yage ta, na ga ba ni da ikon ɓoye miki. Layin da kika yi ta karantawa nawa ne, ba nata ba. Haushin kaina nake ji na sauke a kanki, ga shi bakina ya ci miki shekara guda. Ki yafe mini, 'yar nan, ban san inda zan sa fuskata ba.

Ban gaya mata ba. Juma'a uku ke nan tana soya wainar, ta jibi ma ta jiƙa shinkafa. Ba zan iya kai mata wannan da bakina ba, ya yi ɓarnar da ta isa. Ki rubuto mata da hannunki, in karanta mata yadda kika rubuta, ba ƙari ba ragi.

'Yar'azumi.

*

Austriya, ranar Alhamis.

Goggo,

Bayan gaisuwa. Babu abin da zan yafe miki, hannuna ne ya riƙe katin. Da na ƙara haƙurin kwana kaɗan, ko da na yi ƙarfin halin kiran Inna Yelwa, da ba haka ba. Kunya ta hana ni tambaya, ta bar ni na yi abin da ya fi tambayar muni. Ga abin da za ki karanta mata. Ban taɓa rubuta mata komai ba, ki yi haƙuri da gajartarsa.

Adda, ina gaishe ki, ya jajen gida. Ummi ba ta nan. Ba faɗuwa ta yi da kanta ba, ni na sake ta, don na zaci ba kya so. Saƙonki ya zo bayan na riga na yi. Na kunyata ki a gaban mutane, sannan na zubar da abin da kika karɓa. Ki yafe mini duka biyun.

Adila.

*

Kafin Hausa, ranar Asabar.

Adila,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, ruwa ya fara ja, ana maganar komawa gida bayan mako.

Na karanta mata jiya da hantsi. Na same ta a bakin murhu ta ɗora tanda, ta riga ta fara zuba ƙullu. Na ce ga saƙo daga wurin waccan, kuma nata ne ba nawa ba. Ta ce in karanta tana ji. Na karanta yadda kika rubuta.

Ta ci gaba da juya waina. Can ta ce, "Allah sarki, ashe Juma'ar da ta wuce ma ba ta nan." Na ce ba ta nan. Ta ce, "To, sadaka ba ta ɓata." Ta ƙara zuba ƙullu a gurbin da ta kwashe, sannan ta ce, "Ki ce mata ba komai. In ta kama wata, sunan yana nan, ban karɓe ba."

Na ji sanyi a raina, na fara mayar da wayar jaka. Sai ta ce, har yanzu ba ta dube ni ba, "Disambar dai tana nan?"

Na ce a'a. Na ce aikin ya koma farko, sai baɗi in Allah ya kai mu.

Hannunta ya tsaya cak. Tana zaune da tsinken juyi a hannu tana kallon tandar, wainar ta yi ja, ta yi baƙi, hayaƙi ya tashi har Yelwa ta leƙo daga ɗaki. Tun tana amarya nake cin wainar Maijidda, ban taɓa ganin ta ƙona ko ɗaya ba. Na yi wa Yelwa alama ta koma, ni ma ban ce mata ta ƙone ba.

Ki kama wata da wuri, 'yar nan, ki taho gida.

Goggonki,
'Yar'azumi.